Hotona a Bangon Mujallar Sadiyya

Asabar, bayan la'asar

Inna ta ce in na ƙara ɗaga maganar nan a cikin gida, ba ta yafe mani ba. To, na ji, na kulle baki. Amma ba ta ce kar in rubuta ba. Da gangan ma nake rubutawa da boko, bokon da na tsinta a waya ba tare da na taɓa zama bisa bencin firamare ba.

Ni ne Zubairu mai wankin hula a Ƙofar Kwaya. Na faɗi suna don in baƙin ciki ya kashe ni a san gawar wa aka ɗauka.

Da hantsi ina shanya huluna, Lawal mai babur ya ci burki gaban rumfata yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ashe an naɗa ka ba a gaya mamu ba? Hau mu je ka ga kanka." Na ɗauka irin tsokanata zai yi mani, na hau don in ga iyakarshi.

A hanyar Babbar Kasuwa ga wani allon talla ya kai bangon ɗaki. Ni ne a jiki. Na karkata hula, na riƙe littafi a kife, na yi ido kamar harara-garke, ina susar ƙeya, baki a sake. Wani ɗan makaranta da ke wucewa ya karanta mamu Turancin. Wai za a ƙaddamar da sabuwar mujalla ta binciken ilimi da cigaban al'umma, kuma wannan shi ne bangonta. Ƙarƙashin haɓata an rubuta: matasan da aka bari a baya.

Sadiyya ce ta ɗauki hoton. Ɗiyar Kawu Bala, taubashiyata, malama a kwaleji. Da damina ta zo rumfata da takardu tana yi wa samarin unguwa tambayoyi, wai bincike take a kan waɗanda ba su yi boko ba. Ta ce, "Bawana, zo in fara da kai, kai ne shugabansu." Na fizge littafin hannunta na kifa shi na yi mata wannan fuska. Ta yi dariya har ta zauna bisa bokitin sitati. Ta ɗauka a waya. Shi ke nan abin da ya faru. Wasa ne, irin wanda muke yi tun muna yawo ba wando.

Lahadi, da hantsi

Ba kunyar kasuwa ta dame ni ba. Ni da kunya ai hannun riga.

Azumi ya kusa. Bana Malam Isah, mai tafsiri a masallacinmu, ya ce ni zan ja mashi baƙi. Ni zan zauna a damarshi in karanta aya, shi ya fassara, lasifika na kai muryata har bakin titi. Alaramman da ke yi ya koma Funtuwa wurin ɗiyanshi. Malam ya gwada mu mu uku, ya ɗauke ni. Tun Rajab na bar shan ruwan sanyi saboda murya. Na bar gyaɗa. Na ɗinka farar riga, tana nan cikin leda ban taɓa sa ta ba.

A wannan tabarma Baba, Allah ya jiƙan shi, ya zauna kafin Alaramma. Ban gaya wa kowa ba, amma ranar da Malam ya ce ni ne, sai da na shiga bayi na kulle na daɗe.

Yau da asuba ina gyara sahu, wani daga baya ya ce a hankali, "A kife ko a miƙe?" Sahu ya ɗauki ƙus-ƙus. A cikin masallaci.

Litinin, azahar

Sadiyya ta ƙi ɗaukar waya.

Talata, bayan magariba

Na je Kambarawa gidan Kawu. Na iske ta tsakar gida tana cin rake kamar ba ita ta kashe mutum ba.

Ta ce, "A'a, bawana ne? Yau kai da kanka? Ka ga yadda na ɗaukaka ka, ko godiya babu."

Na ce, "Sadiyya, ba wasa ya kawo ni ba."

Ta ce, "Kai ɗin? Yau rana ta ina ta fito?"

Da ta ga ban murmusa ba, ta aje raken. Ta rantse ba ta sani ba. Wai hotunan binciken gaba ɗaya ta tura wa Farfesa, shugaban mujallar, ta manta nawa na ciki. Shi da mai ɗab'i suka zaɓa, sai a allo ta gani kamar kowa. Tana faɗi tana kallon bawon rake. Na san Sadiyya. In tana ƙarya tana kallon ƙasa. In tana jin kunya ma ƙasan take kallo. Ga shi nan, ban san wanne ba ne.

Kawu ya fito daga ɗaki da buta. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Inna, ya tambayi sana'a, ya tambayi zafi. Sannan na kai ƙara. Ya saurare ni har ƙarshe, ya fashe da dariya.

"Zubairu, wa ya kira yarinyar nan da muryar Bature ya ce ta samu gurbin karatu a waje, ta kwana tana haɗa kaya?"

Na ce ni ne.

"Wa ya gaya wa saurayinta na fari tana minshari kamar injin markaɗe?"

Na ce ai gaskiya na faɗa.

"Da ta kawo mani ƙara tana kuka, me na ce mata? Wasan taubasai ne, ba a fushi, ba a kai shi gaban manya. Yau da ya juyo kanka sai a sake doka? Tashi ka ci tuwo."

Ban ci ba. Na dawo na gaya wa Inna, ta ce in ban bar ɗiyar ɗan'uwanta ta sarara ba zan ga ɓacin ranta. Wai zumunci ya fi hoto. To ai ba ita aka rataye a hanyar kasuwa ba.

Kiran waya na Bature mutum nawa suka ji? Ita kaɗai. Minshari mutum nawa? Ɗaya, shi ma ba mijin kirki ba ne, taimakonta na yi. Ni kuwa Katsina gaba ɗaya.

Laraba, da rana

Wani ya kawo wankin hula, ya miƙo mani ita a kife, ya tsaya yana jira in yi dariya. Da can da na rama mashi har sai ya bar layin nan. Na amsa na jefa a ruwa.

Ba a fushi. Ba a fushi. To ni me nake yi?

Juma'a, bayan an sauko

Alhaji Babaji, shugaban kwamitin masallaci, ya aiko a kira ni zauren Malam. Na iske shi ya baje babbar riga ya cika rabin tabarma, Malam na gefe yana jan carbi. Mahmud ma na nan. Mahmud ɗin da Malam ya gwada mu tare, mai karatu kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Me ya kawo shi?

Alhaji ya ce, "Yaro, mutane na magana. An ce wanda zai ja mamu baƙi shi ne aka manna a titi ya kifa littafi."

Na ce, "Alhaji, kowa ya san wasa ne. Malam ya san karatuna."

Ya ce, "Ai wasan shi ne abin dubawa. Da jahilci ne da an koya maka."

Na juya wurin Malam. Na yi zaton zai ce a bar maganar. Sai ya ce, "Zubairu, karatunka ba ni da shakka a kai. Ga abin da nake tsoro. Ka ɗauko ayar da ke maganar wuta da azaba, jama'a sun yi tsit, wani a baya ya ɗaga ido ya ga fuskarka, ya tuno wancan hoto, dariya ta kufce mashi. Ana karanta maganar Allah ana dariya. Alhakin nan a wuyan wa za a rataya? Shi, ko kai, ko ni da na zaunar da kai?"



Ya ce bai cire ni ba. In je in sa a sauke hoton, ko masu shi su fito su wanke ni. Kafin a ga wata zai tara mutane a rumfar masallaci in yi karatu a gabansu. In an saurara da natsuwa, wurin nawa ne. In ba haka ba, ga Mahmud.

Mahmud ya ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Munafiki. Da sabon turare ya zo.

Asabar, asuba

Na yi tilawa izu biyu. Murya lafiya lau. Ba muryar ce ba ta da lafiya ba.

Litinin, bayan la'asar

Na je kwalejin su Sadiyya. Mai gadi ya dube ni ya dubi allon da ke bakin ƙofa, don can ma sun kafa ɗaya, ya buɗe mani ba tambaya. Ka ji amfanin suna.

Na zaci zan iske wani mai girman kai in zazzage mashi. Sai ga dattijo mai fara'a, ya tashi ya ba ni hannu biyu, ya sa aka kawo mani lemo. Wannan ya fi ba ni haushi. Ya za ka yi faɗa da wanda ke ce maka bismillah?

Na ce, "Farfesa, hoton nan ƙarya ne. Na sauke Alƙur'ani, na iya ajami, bokon ma ina taɓawa. Tsokanar taubashiyata nake."

Ya ce, "Ikon Allah! To ai ka ga, Malam Zubairu, ba kai muke nufi ba. Hoton alama ce kawai. Yana magana ne a madadin dubban matasa."

Na ce, "To su dubban su zo su ba da fuskarsu mana. Unguwarmu ba a san alama ba, Zubairu aka sani."

Ya yi dariya ya ce ina da hikima. Ya jawo kwali ya nuna mani, an riga an buga, an ɗaure. Ya ce shekara da shekaru suna fafutukar samun mujallar kansu, don malamansu su daina kai bincike wasu garuruwa ana ajiye masu shi a ƙasan tebur. Wannan ce fitowa ta fari, an gayyaci baƙi daga nesa, ba a sake bango saura kwana uku biki. Ya buɗe mani inda sunan Sadiyya yake, Halimatu Sa'adiyya Bala, da manyan baƙaƙe. Ya ce aikinta ya fi na kowa a ciki.

Har na kai ƙofa ya ce, "Af, ai ka sa hannu a takardar yarda ko? Duk wanda aka ɗauka hoto sai ya sa."

Na ce wace takarda?

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce in babu, kuma na rubuto ƙorafi, dole a janye mujallar, a sauke allunan, ita kuma ta fuskanci kwamitin ladabtarwa. Ya ce, "Ka tuna da kyau. Ka sa ko ba ka sa ba?"

Na ce zan tuna.

Ashe akwai wuƙa, kuma a hannuna take.

Talata, da hantsi

Ƙorafi mai layi uku ya isa. Lawal ya ce ƙanenshi zai rubuta mani da Turanci. A sauke alluna, Malam ya ji an wanke ni, in sa farar rigata.

Talata, bayan la'asar

Tun Sadiyya tana aji uku take cewa wata rana za a buga sunanta a littafi. Ni na riƙa kiranta Dakta Minshari. Wannan ba hujja ba ce. Na rubuta ne kawai.

Laraba, azahar

Yau ita ta kira. Babu bawana, babu komai. Ta ce, "Zubairu, Farfesa ya tambaye ni takarda."

Na ce, "Sai ki ba shi."

Ina jin numfashinta. Ta ce, "Ka yi abin da ka ga ya dace. Ba zan kai ƙara wurin Goggo ba."

Na so ta roƙe ni. Wallahi na so ta roƙe ni in ji daɗin ƙi. Ta ƙi roƙo, ɗiyar Kawu, taurin kai kamar jakin Kano.

Na ce, "Ke, uwargijiyar banza, ki ce mashi na sa hannu da ajami, akuya ta cinye."

Ban san wanda ya faɗi wannan magana ba. Bakina ne, amma ba da shawarata ba. Na kashe waya na yi ta dirzar hular wani bawan Allah har zare ya tashi.

Ta turo saƙo wai gobe in zo, za ta wanke ni gaban kowa. Mu gani.

Alhamis, bayan magariba

An ƙaddamar.

Babban ɗaki, fanka na juyawa, manya a teburin sama kowa da ruwan roba a gabanshi. Bayansu ni ne, na fi kowa girma a wurin, littafi a kife. An naɗe mujallar cikin takarda mai ƙyalli kamar kayan lefe. Na zauna can baya na sauke hula har gira. Ina zama na hango Alhaji Babaji a sahun gaba, an gayyato shi cikin shugabannin al'umma. Na ce madalla, ya ji da kunnenshi.

Aka yi addu'a. Wani ya tashi ya yi bitar mujallar, ya daɗe yana Turanci, ya juyo Hausa ya ce bincike ba zai yi amfani ba sai ya sauka cikin lungu. Na ce a raina ai ya sauka, a kaina ya sauka. Aka yanke ƙyalle, aka yi tafi, aka ɗaga ni sama a bangon mujallar ana ɗaukar hoto. Hoton hotona.

Sai aka kira Sadiyya. Ta yi bayanin aikinta. Ban so in saurara ba, amma na ji. Ta ce ta iske samari da yawa da ake lissafawa cikin marasa ilimi alhali suna karatu da rubutu da ajami, ba a dai tambaye su ba. To ke da kika san haka!

Sannan ta ce, "Akwai gyara. Wanda ke bangon nan ɗan'uwana ne, Zubairu. Ya fi ni karatun Alƙur'ani nesa ba kusa ba, shi zai ja baƙi a masallacin unguwarsu bana. Taubashina ne, tsokanata yake a hoton nan. Kuskurena ne da ya fito. Ga shi can baya."

Ta yi da gaske, ba zan ci amanarta ba.

Ɗaki gaba ɗaya ya juyo. Suka dube ni, suka dubi allo, suka sake dubana. Wani ya fara, saura suka ɗauka. Dariya har da buga tebur. Mai gabatarwa ya ce, "Allahu akbar, ashe ɗan wasa ne! Malam Zubairu, taso, taso jama'a su gan ka!" Aka turo ni gaba. Wani ɗalibi ya danƙa mani mujalla ya ce don Allah in ƙara yin fuskar nan su ɗauka. Wayoyi sun yi sama kamar masu roƙon ruwa.

Ban yi ba. Na aje ta na fita. Ina fita na ga ana raba wa manyan baƙi kowa kwafi ɗaya, Alhaji Babaji ya amshi nashi da hannu biyu yana goge hawayen dariya.

Da ina jahili mutum ɗaya. Yanzu an wanke ni, na zama ɗan kama mai takardar shaida.

Juma'a, da rana

Bidiyon ya zaga. Har daga Funtuwa Alaramma ya kira yana tambaya ko lafiya.

Sadiyya ta aiko da dambun nama. Na ba Lawal.

Lahadi, bayan la'asar

Malam ya ce gobe. Ya ce abin da yarinyar ta faɗa ya isa wanki, saura natsuwar jama'a. Na bi abokaina ɗaya bayan ɗaya, na ce duk wanda ya yi ko tari gobe, ni da shi har abada. Lawal ya rantse zai zauna yana tuna ranar da babanshi ya rasu.

Na fiddo rigar daga leda na rataye.

Litinin, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a rumfar masallaci. An ɗauke wuta, zafi kamar a gasa gurasa. Mutane sun fi yadda na zata, har da waɗanda ban taɓa gani a sahu ba, sun zo kallo. Malam ya zauna, ya nuna mani damarshi. Na zauna. Wurin Baba. Mahmud na bayan Malam kamar inuwa.

Na yi a'uziyya na fara. Wallahi ban taɓa jin muryata haka ba. Ta fita sumul, ta cika rumfa, ta tsallaka titi. Na ja aya, Malam ya fassara, na ja ta gaba. Ƙus-ƙus ɗin farko ya mutu. Mai shayi ya bar kaɗa cokali. Wani tsoho ya fara share ido. Lawal ya sunkuyar da kai, ban san ko babanshi yake tunawa ba ko karatun ne. Ba wanda ya yi dariya. Ko mutum ɗaya. Na ji a jikina na ci.

Muka iso ayoyin azaba. Malam na cikin fassara, ni ina jiran ya kai aya in ɗauka. Sai na ɗaga kai. Ban san me ya sa ba. Da na bar idona a kan takarda.

Alhaji Babaji na gabana daf, zafi ya dame shi, gyangyaɗi ya fara ɗibarshi. Ya laluba aljihun babbar riga ya zaro abin fifita. Mujallar ce. Bai ma san me ya ɗauko ba. Idonshi a lumshe, baki a sake, yana kaɗa ta a hankali. Ga ni nan ina zuwa dama, ina komawa hagu, harara-garke, ina leƙo kaina daga gefen gemun Alhaji. In ya yi gyangyaɗi in nutse, in ya farka in taso. Fuskarshi da tawa ba ka ce ga ta hoto ba.

Na ciji leɓe. Na tuna kabari. Na tuna Baba. Na tuna wutar da Malam ke bayani a kai.

Malam ya yi shiru, alamar in ja.

Na buɗe baki, abin da ya fito ba aya ba ce, dariya ce.

Lasifikar na aiki da batir. Har bakin titi aka ji.

Ba wanda ya taya ni. Da sun taya ni ma da sauƙi. Rumfa ta yi tsit, ni kaɗai, na toshe baki da hannun sabuwar riga kafaɗuna na rawa, na kasa tsayawa. Alhaji ya farka yana tambaya me ya faru.

Malam bai dube ni ba. Ya ce, "A'uzu billahi. Mahmud, ɗauka daga inda aka tsaya."

Na ja jiki na ba shi wuri. Tabarmar ma da ɗumina ya zauna.

Talata, da hantsi

Inna ta ce in ci abinci. Sadiyya ta kira sau ban san adadi ba. Me zan ce mata? Na kwana ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na ɗora wa Farfesa, ya zame. Na ɗora wa Alhaji da mujallarshi, ya zame. Na ɗora mata, ya ɗan tsaya, shi ma ya zame.

Laraba, bayan isha'i

An ga wata.

Alhamis, ɗaya ga azumi, bayan la'asar

Ina rumfa. Hulunan sallah sun fara taruwa, aiki ya yi yawa, shi ya sa ban je ba. Duk wanda ya tambaya haka za a ce mashi.

Daga nan ana jin lasifika sarai. Mahmud na ja. Yana sauri inda ya kamata ya tsaya, yana tsayawa inda ba wurin tsayawa ba, numfashinshi bai kai ƙarshen aya. Malam na bin shi da haƙuri. Jama'a sun yi tsit.

Na kama kaina ina ja tare da shi, a hankali, hannuna cikin kumfa. Lawal ya tsaya da babur zai yi magana, ya ga bakina na motsi, ya kashe inji ya zauna bisa benci. Yana nan zaune har aka shafa addu'a.

Da zai tafi ya ce, "Gobe ma nan za ka yi?"

Na ce ya ɓace mani da gani.

Ya ce to, zai zo da wuri.